Iliya Ya Koma Bakin Aikinsa

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gida, yaya jikin maigidanki, ya yara da sanyin Jos? Mu nan Nukkai sai godiya.

Labarin ƙaninmu Iliya ne, da aikin bisharar da yake yi a ƙauyen nan na bayan garin Mutum Biyu. Makon jiya zazzaɓi ya kama 'yarsa Alheri. Saboda wahalar man fetur ba su sami mota da wuri ba, kafin su iso asibitin Jalingo ta cika a hannunsa.

Bayan jana'iza Baba ya ce, "Ya isa haka. Dawo gida, sabuwar jiharmu na neman malamai." Iliya ya yi kuka sosai, sannan ya ce, "Baba, ni na koya wa mutanen nan cewa Allah ba ya yashe nasa. In na gudu yanzu, me na koya musu?"

Jiya suka koma shi da matarsa Saratu. Baba da kansa ya ɗaukar musu kaya har tasha.

Ki sa su a addu'a, musamman Saratu, har yanzu ba ta iya cin abinci. Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hannatu