Tankin Jirgin Faisal a Kafaɗar Mutanen Hindawiyya

Assalamu alaikum Rakiya, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu ni da boko muka rabu, kowa bai yi kewar kowa ba.

Maganar autanki Faisal ce. Kin bar shi yana kwance rediyon mutane, to yanzu ya girma, haukan ma ya girma. A tashlihi na hanyar Jidda, inda ake yanka tsofaffin motoci, ya samo tankin man jirgin sama, irin wanda ake ratayawa a ƙasan fiffike. Dogo ne, mai tsini gaba da baya. Ya ce zai huda samansa ya sa kujera, ya ɗaura inji da tayoyi, ya zama motar tsere. Na ce masa ni da na shekara ina tura keken guragu a Mina ban taɓa wuce kowa ba, daga ina ya gaji gudu? Da Larabci ya amsa mini, kamar kullum.

Lokacin Hajji ya shigo da shi, lungu ba kowa, ya jingine a tsakar gida. Wata guda yana wanke shi da omo, gidan na warin kalanzir. Da maƙwabta suka dawo, matar Amm Haruna ta leƙo ta ce wannan ai bom ne. Kin san abin da kalmar nan take nufi a gidan da ba iƙama, takardar izinin zama. Ni ba ni da ita, shi ma da aka haifa a ɗakin nan ba shi da ita. Na ce a fitar da abin nan zuwa warsha, garejin abokinsa, kafin a kira mana hukuma.

Dabarar tawa ce, kada ki ɗora wa yaron. Mota ba ta shiga lungunmu, sai an ɗauka a kafaɗa zuwa bakin titi. Don kada a gani, na kwaso haramin da alhazai suke bari a Mina, na naɗe shi tsaf, fari fat, har da ɗauri uku. Ni da shi da abokansa biyu muka saɓa. Ban duba lokaci ba. Ashe an sallame la'asar.

Rakiya, mutanen masallaci na ganinmu suka fara salati. Kin san al'adar garin nan, ba mai barin gawa ta wuce bai sa kafaɗa ba. Wannan ya karɓa, wancan ya karɓa, har aka ture ni baya. Wani tsoho ya ce mamacin Allah ya ba shi tsayi. Dariya ta zo mini wuya, tsoro ya danne ta. In na yi magana, bom. In na yi shiru, Masallacin Harami za su nufa da shi a yi masa salla.

A bakin titi motar askar, 'yan sandan garin nan, tana tsaye. Ɗayansu, yaro sa'an Faisal, ya fito cikin ladabi ya sa kafaɗarsa. Bai yi nisa ba na ga ya shaƙi iska, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Abin ya amsa kamar garwa. Ya ce a sauke. Ya ɗaga ƙyallen.

Mutane suka watse, abokan ma suka bi su. Ni dai ban gudu ba. Faisal ya tsaya yana bayani da Larabcinsa mai kyau, tanki ne, ba komai ciki, mota zai ƙera. Askarin ya saurara, ya nemi takarda. Sannan ya juyo kaina ya tambaya ni wane ne.

Ɗanki bai ko kalle ni ba. Ya ce, “Ban san shi ba. Tsoho ne ya zo neman lada.”

Na ja gefe na tsaya. Aka sa Faisal a mota, aka kira wata ta ɗauki tankin. Wani ya dafa ni yana tambaya ko dai babu jana'izar.

Yanzu yana hannunsu. Amm Haruna ya je ya dawo, ya ce ana binciken tankin, in an gama sai a waiwayi mai shi. In tarhili ne, wato kora daga ƙasar, Kano za su kai shi, garin da bai taɓa gani ba, da Hausar da ba ta isa ya sayi ƙosai ba. Na yanke shawara. In aka ce jirgi, zan je in gaya musu ƙarya ya yi, ya san ni, su haɗa mu.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sassauta zuciyar wanda takardar yaron nan za ta faɗa hannunsa. In kuma tafiyar ce, ya ba ni ƙarfin barinki a ƙasar nan.

Mijinki mai dabara,
Sani