Shirun Ɗakin Kande

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Alhamdu lillahi. Nazifa, jikata, ɗiyar ɗana Isiyaku, ta kira daga Yamai. Lakwal ɗinsu, wato makarantarsu ta koyon hoto da fim, tana musayar ɗalibai da wata makaranta a Maroko, na can su zo, na nan su tahi wata uku. Mutum ɗaya za a ɗauka, su biyu suka rage, ita da wani yaro. Kowa zai yi ɗan fim kan gidansu, a zaɓa. Na faɗa wa duk wanda na gamu da shi a kasuwar Illela, har mai gyaran taya. Ni da ban san baƙi ba sai da na yi furfura, a karatun manya na bayan magariba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ta iso da kamara da wani abin ɗaukar murya mai gashi kamar ɓera. Ta ce, "Angona, kai za ni ɗauka, sai ka wanke rigar nan." Na ce amaryar da za ta gudu Maroko ba ta da bakin magana.

Asabar, 17 ga Mayu

Aikinsu da ban mamaki. In an gama magana a wuri, sai ta ce kowa ya yi tsit, ta ɗauki shirun wurin. Wai kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake ɗinke fim. Ta ɗauki na zaure, na rumbu. Bayan azahar ta roƙi in buɗe ɗakin marigayiya matata Kande, kakarta. Tun rasuwarta sai shara kawai ake shiga yi. Muka tsaya ciki, ba mai motsi. Ban ji komi ba sai zufa tana bin bayana.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ta sa mini abin saurare a kunne in ji. Zaure: kaji daga nesa. Rumbu: iska. Ɗakin Kande kuwa, mazari ne ke juyawa cikin tasa. Ya yi zuuu, ya tsaya, a naɗe zare, ya sake. Har ɗan tsayawar nan da take yi ta shafa alli a yatsa.

Nazifa ba ta san ƙarar ba. Kafin ta yi wayo idon Kande ya raunana, ta bar kaɗi. Murna take, wai wanga shiru ya fi duka kyau, da shi za ta rufe fim ɗin. Na cire abin na ba ta. Na ce kunnena na ƙaiƙayi.

Talata, 20 ga Mayu

Na gaya wa Badaru maƙwabcina. Ya yi dariya, ya ce zanzaro ne ke gini, tsufa ya sa ina zawarcin ƙwaro. Na shiga na duba azara ɗaya bayan ɗaya. Ba gidan zanzaro. Mazarin yana cikin kwalla inda ta bar shi, ƙura ta rufe murfin.

Laraba, 21 ga Mayu

Isiyaku ya saurara. Fuskarsa ta canza, ya san ƙarar uwarsa. Ya ja ni gefe ya ce a goge, matar da ko hoton katin ɗan ƙasa sai da aka yi rigima da ita, ba a kai ta gaban baƙi. Gaskiyarsa. Kande ba ta taɓa wuce Konni ba. Amma yarinyar ta ce in an cire wurin, fim ɗin tsoho ne kawai yana surutu, ɗayan yaron zai wuce ta. Uban ya ce magana tana hannuna.

Ban ci tuwon kirki ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Bayan masallaci na zauna bakin ƙofar ɗakin, na daɗe. Sannan na kira Nazifa. Na yi niyyar faɗa mata ko mine ne. Da na ga yadda ta rungume kamarar, sai na ce ta tahi da shi yadda yake.

Ta ce, "Ba abin da ya dame ka ciki?"

Na ce babu.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ita aka zaɓa. Na yanka zakara, na raba goro har unguwar maƙera.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ta kira daga can, muryarta tas kamar tana tsakar gida. An nuna fim ɗin a babban ɗaki. Ta ce da aka zo ƙarshe mutane sun yi shiru, ba wanda ya tashi. Daga baya wata tsohuwa mai share makarantar, wadda ta tsaya kallo daga ƙofa, ta tare ta tana tambaya wace ce ke kaɗi, wai hannunta ya ƙware. Nazifa ta tambaye ni, ba da wasa ba, mi matar take nufi.

Na ce zanzaro ne. Ta ce to.

Gero ya yi kyau bana, mun fara ɗauri. Ina farin ciki ƙwarai, kowa ya sani. Ɗazu da zan wuce ƙofar ɗakin na yi sallama, na ɗan tsaya. Ba wai jiran amsa nake ba.