Ƙarfe a Gindin Sarƙaƙiya

Abu Jawad,

Kada ka taka lambu. Da safe na hau saran sarƙaƙiyar da ta cinye mana lambun, tunda wata uku kana cewa gobe. Lauje ya bugi wani gwangwani mai tsatsa. Maƙwabciyarmu Hajja Nuhad ta leƙo ta katanga ta ce, "Ja da baya a hankali, 'yata, irinsa ne ya cire wa mijina hannu." Bom ne, ragowar yaƙi.

Na kai yara gidan Mama, na tafi kiran masu kwancewa. Makullin lambu yana wurina.

Na san halinka, za ka haura katanga ɗauko laujenka. Bar shi. Lauje akwai a kasuwa, uban Jawad babu.

Sukaina