Kofin da Kika Mayar, da Yarinyar da Aka Kora

Zuwa ga Mai Girma Shugabar Jami'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da aiki, da kuma sannu da ɗawainiyar wannan shekara da ta zo miki da nauyi.

Sunana Rabi, mutuniyar Zariya, ma'aikaciyar jinya, ina zaune a nan ƙasar waje, a garin Wheaton. 'Yata Nafisa ɗaliba ce a jami'arki, tana karatun harhaɗa magunguna, kuma tana cikin 'yan tseren makaranta. Ita ce mai gudu da hijabi, idan kin tuna. Na rubuta da Hausa ne saboda abin da ke raina ba ya fita daidai da Turanci, kuma ina so iyaye 'yan uwana na nan su karanta. Nafisa ta yi alkawarin fassara miki ba ragi ba ƙari.

Zan fara da yabo, domin yabon gwani ya zama dole.

Bara Nafisa da ƙawayenta uku suka ci kofin jami'o'in yankinmu a gudun nan da mutum huɗu ke miƙa wa juna sanda. Ina wurin, na yi ihu har muryata ta dushe. Bana kuma sai wani malamin tarihi na jami'arki ya gano akwai kwas da aka rubuta da sunan sashensu, wanda ba shi da aji, ba lacca, ba jarrabawa, amma 'yan wasa suna ta kwasar maki mafi girma a cikinsa. Ya kawo miki maganar. Kowa ya san kina iya binne ta a ofishinki, ki kira mutum biyu ki ja musu kunne, shi ke nan. Ba ki yi haka ba. Da kanki kika kai ƙarar makarantarki gaban hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, kika kawo masu bincike daga waje, kika janye 'yan ƙwallon kwando daga gasa a lokacin da tauraronsu ke haskawa, kika mayar da duk kofin da wannan kwas ya taɓa. Har da na su Nafisa, domin ɗaya daga cikin su huɗun, Tanisha, tana cikin waɗanda aka rubuta wa makin.

Ranar da kika kira taron iyaye, da faɗa na shiga jirgin ƙasa na Metro. Tun daga Wheaton nake jera maganganun da zan yaɓa miki. 'Yata ba ta taɓa satar amsa ba. A motar zuwa gasa take karatu, da azumi a bakinta take atisaye, sannan a ce a sauke sunanta daga bango don laifin wasu?

Amma abin da na gani ya sa na haɗiye maganata. Ba ki turo mataimaki ba, ba ki ɓuya a bayan lauya ba. Kin tsaya da kanki kin ce makaranta ce ta cuci yaran nan kafin su cuci kowa. Wani dattijo cikin tsofaffin ɗalibai masu ba jami'a gudummawa ya miƙe yana buga kujera, yana cewa kin zubar da mutuncin makarantarsu, kuma daga yau ya janye hannunsa. Kin bar shi ya gama. Sannan kika ce masa, ba tare da ɗaga murya ba, ke ba ki da ikon sa hannu a takardar shaidar ilmin da ba a koya wa yaro ba. Da aka tashi kika sauko, kika nemo 'yan matan nan uku da ba su da laifi, kika kira kowace da sunanta, kika ba su haƙuri. Na daɗe a duniya, na yi aiki a ƙarƙashin shugabanni iri-iri a gida da nan, ban taɓa ganin babba ya tona asirin gidansa da hannunsa don gaskiya ba. A hanyar komawa Nafisa ta ce mini, da Turancinta kamar yadda ta saba amsa mini, ita kofin ya fita ranta, amma makarantar ta ƙara shiga.

Don haka ba kofi na zo nema ba. Kukana a kan Tanisha ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tanisha 'yar nan garin ce, kakarta ce ta raine ta, kuma ita ce ta farko a danginsu da ta taka jami'a. Ta saba da gidana. Mama Rabi take ce mini, ba ta gajiya da masa da miyar taushe, kuma ita ce ta tsaya wa Nafisa lokacin da wani alƙalin gasa ya so ya hana ta gudu saboda hijabi. Aikin jinya take so ta karanta, kullum tana damuna da tambayoyi a kan asibiti. Rahoton bincikenki da kansa ya nuna yadda aka yi: mai ba 'yan wasa shawara kan karatu ya ce mata lokutan ɗakin gwaje-gwaje suna karo da atisaye, ya sa ta a wancan kwas, kocinsu kuma ya nuna wa yaran cewa duk wadda ta ƙi, tallafin karatunta ya tafi. Ba na wanke ta. Daga baya ta gane kwas ɗin na bogi ne, ta yi shiru, kuma wannan laifi ne. Amma da masu bincike suka zo, tana cikin waɗanda suka faɗi gaskiya tun a zaman farko, alhali manya suna ta kwana-kwana.

To ga yadda hukunci ya faɗi, ranki ya daɗe. An kori Tanisha, an yanke tallafinta, an rubuta maguɗi a takardunta. Ni na kai kakarta da motata muka kwashe kayanta daga ɗakin kwanan ɗalibai. Tsohuwar nan sai ninke kaya take yi tana sake warwarewa. Shi kuwa koci, an bar shi ya ajiye aiki da kansa, sanarwar jami'a ta ce yana so ya samu lokacin iyalinsa. Yanzu yaran suna nuna mini hotonsa a waya, sanye da rigar wata jami'a a wata jiha, yana dariya a tsakiyar sababbin 'yan mata. Wadda aka tura an kore ta, wanda ya tura an raka shi har bakin mota. Na san akwai kwantiragi da lauyoyi, na san ba komai ke hannunki ba. Amma wannan bai yi kama da matar da na gani a zauren taro ba.

Ga roƙona.

Na farko, a mayar da korar Tanisha da sauran yaran da suka faɗi gaskiya ta zama dakatarwa. Su dawo su maimaita karatun da aka hana su, na gaske, a aji, da jarrabawa. Ko ba za su sake sa rigar wasa ba, su dawo. Wanda ya faɗi, ya faɗi da ƙoƙarinsa.

Na biyu, cikakken abin da aka gano a kan koci da mai ba da shawarar nan ya isa ga hukumar wasanni da duk makarantar da ta tambaya. Yaran da ke hannunsa yanzu su ma 'ya'yan wasu ne.

Na uku, malamin tarihin nan. Ina jin labarin wasu abokan aikinsa sun daina zama da shi wurin cin abinci. Ki riƙe shi a fili, yadda wani gobe ba zai ga abu ya kau da kai ba.

Tanisha tana aiki yanzu a wani kantin tufafi. Ranar Lahadin da ta wuce ta zo gidana, ta zauna a kicin ina aiki. Ta ce ta fara cike takardar neman shiga wata ƙaramar makarantar jinya, sai ta iso inda ake tambaya ko an taɓa korar mai nema daga wata makaranta. Ta ce, "Mama Rabi, in na rubuta gaskiya, za su ɗauke ni?" Na ce mata ta rubuta gaskiyar. Amma ko za su ɗauke ta, wannan ba ni da amsarsa. Amsar tana hannunki.

Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin zuciya, ya kare ki daga masu neman ganin bayanki saboda gaskiyar da kika tsaya a kai, ya sa ki gama da wannan kujera da mutuncinki, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Wassalam.

Taki mai girmama ki,
Rabi, Maman Nafisa
Wheaton