Tukunyar Kabarin Inna

Assalamu alaikum, Yaya Habibu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu a Unguwar Shanu sai godiya.

Ruwan makon jiya ya rufta kaburbura da dama. Mazan unguwa sun yi gayya sun cike su, amma fasasshiyar tukunyar da ka kafa a kan na Inna ta salwanta. Maigidana ya duba, bai gane wurin ba. Ka san ba na shiga. Daga bakin katanga nake hango tukunyar in yi mata addu'a. Wannan Juma'ar na tsaya, na rasa inda zan kalla. Na san addu'a ba ta neman alama. To me ya sa rashin tukunyar ya dame ni haka? Ina tsoron raunin imani ne.

Kai ka sa ta a kabari. In ka tuna wurin, ka kwatanta mini. In ka manta, kada ka ƙaga don ka faranta mini. Zan yi wa dukkansu sallama, tana cikinsu.

Ka sa ni a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hajara