Ruwan da Muka Ba Baƙi

Yaya Sale,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya zaman Ikko?

Ɗan majalisarmu ya yi ta roƙo a Kaduna a haƙa mana rijiya a Magama da kuɗin fetur na gwamnati, har ya taho da manya su ga ruwan tabkin da muke sha. Kunya ta kama Baba, ya aika jakuna Jibiya aka ɗebo mai kyau. Baƙi suka sha, suka yaba, suka tafi, maganar rijiya ta mutu. Ɗan majalisa har da ƙwalla: "Baba, kun kashe ni!"

Yanzu kurkunu ya kwantar da Inna da yarana, ga damina ta kankama. Ka taya mu da addu'a, ka gaida Hajara. In ka zo, na tabki za ka sha. Kai ba baƙo ba ne.

Ƙanenka,
Lawal