Ƙaryar da Na Ɗora wa Hannun Khala Mairam

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu. Ina gaishe ku daga Hajj Yusuf, nan Khartum. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Hausata ta baki ce, wadda kakanninmu suka zo da ita gonakin auduga na Jazira, rubuta ta kuwa a waya na koya, don haka in Larabci ya tsoma baki ku yi haƙuri. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin na cancance shi, ni ma ina yi wa kaina kullum, amma yau shawara nake nema.

Tun ina shekara goma sha huɗu nake ciwon mara. Ba irin wanda ake shan ruwan zafi ya lafa ba, irin wanda zan yi ta birgima a ƙasa ina amai har in daina gane muryar mutane. A unguwar Alshajara na tashi, babana maƙerin ƙofofi ne, kuma duk wata sai na yi kwana uku ban je makaranta ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan dafa mini hulba ta ce, "Kowace mace haka take, in kin yi aure zai wuce." Na yi aure, shekara huɗu ke nan, bai wuce ba, sai ma ya gayyato 'yan'uwansa. Kafaɗu, wuya, baya, cinyoyi, ko'ina ya ɗauka. In tashi da safe kamar an kwana ana dukana da muciya. Wata rana tob ɗin da na yafa ma zafi yake mini a fata. In ɗora tukunya in manta me na zo dafawa. Ga shi ba kumburi, ba rauni, ba zazzaɓi, fuskata fes. To wa zai yarda da ciwon da ba ya nuna kansa?

A gidan su maigidana muke zaune, tare da mahaifiyarsa da muke kira Hajja, da ƙannensa mata biyu. Shi mutumin kirki ne, takalma yake sayarwa a kasuwar Omdurman, ya fita da sassafe ya dawo a gajiye, abin da aka gaya masa shi ya sani. Ƙannensa kuwa har suna suka raɗa mini, wai Sarauniyar Angareb, saboda kullum ina kan gadon igiyar nan na tsakar gida. Ina da baki, ban iya shiru ba, nakan rama, sai ramawar ta zama hujja: mai ciwo za ta iya wannan masifar? Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar zaman makokin wani maƙwabcinmu. Kun san yadda muke yi, matan unguwa ne ke riƙe da girki kwana uku, kowa da aikinta. Aka ba ni yin kisra, gurasar nan tamu ta dawa marar kauri. Na zauna gaban wuta ina shafa ƙullu, ban kai ashirin ba marata ta murɗa, hannuna ya ƙi ɗaguwa, na jingina da bango. Hajja ta dube ni a gaban mata sun fi talatin ta ce, "Ku ƙyale ta, surukata ba ta aiki sai ci. Ciki ma ta kasa ɗauka, balle kisra." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, a gidan mutuwa. Har yau in na tuna sai na ji kunnena ya yi zafi.

Bayan wannan ne na fara zuwa Omdurman a ɓoye, ina cewa gidan goggona zan je. Wata likitar mata na samu. Ta yi ta tambayoyi, ta yi hoto, ta danna nan ta danna can, na yi ta komawa. Ƙarshe ta ce ciwo biyu ne. Na farko sunansa indometiriyosis, wato irin naman da ya kamata ya tsaya a cikin mahaifa ne yake tsirowa a wajenta, duk wata ya yi jini inda jinin ba shi da mafita. Na biyu faibromayaljiya, jiki ne yake jin zafi fiye da ƙima, ba ya warkewa gaba ɗaya amma ana koyon zama da shi. Sai ta ce, "Ciwonki gaskiya ne, ba ragwanci ba ne." Wallahi kuka na fashe da shi kamar yarinya, shekara goma sha biyu ina jiran wani ya faɗi wannan. Ta rubuta mini ƙwayoyin da za su tsayar da al'ada, ta ce muddin ina sha ba zan ɗauki ciki ba, don haka in zo da maigidana mu zauna mu uku a tsara. Na ce to. Ban kai shi ba. Ta yaya zan kalli mutumin da ke azumin Litinin da Alhamis yana roƙon ɗa in ce masa zan sha abin da ke hana ciki? A gidan da aka riga aka yi mini gorin haihuwa? Na zuba ƙwayoyin a gwangwanin turaren wuta na tura ƙarƙashin kayana, na fara sha.

A satin da na fara shan maganin dai Hajja ta ce ta gaji, in shirya mu je wurin wani faki a Aljirif, wato malamin da ke ba da rubutu. Ba zan ɗora wa bawan Allahn nan laifi ba, bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce yana iya zama baki ko hannu, ya ba mu rubutun sha da 'yan takardun da ake turarawa, ya ce a yawaita addu'a. Muka dawo gida, aka dasa jabana, wato zaman shan gahawa, da la'asar, Hajja da 'ya'yanta suka hau lissafin wa ya taɓa ni, wa ya yabe ni. Hajja ta ce, "Wa ya yi miki dilka da dukhan lokacin biki?" Na ce Khala Mairam.

Khala Mairam, wato Inna Mairam da Hausa, maƙwabciyarmu ce, gida uku tsakaninmu, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ce mai gyaran amare a layinmu: ta zaunar da amarya kan ramin hayaƙi, wato dukhan, ta murje ta da dilka, ta zana mata lalle. Da wannan ta riƙe gidanta ta aurar da 'yarta. Ni kuwa da na zo unguwar ba uwa, ita ta zame mini uwa. In ciwo ya tashi ita kaɗai ke shigowa ta zauna bakin angareb ta dafa mini baya da tafin hannunta mai ɗumi, ba ta tambayata komai.

Ƙaramar ƙanwar maigidana ta ce ai ta tuna, ranar lalle Khala ta ce fatar amarya kamar ta jariri, kuma ba ta ce masha Allah ba. Hajja ta ajiye finjalinta, ta matso kusa da ni, ta yi magana da wata murya mai laushi da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Ya bitti, 'yata, gaya mini gaskiya. Kafin matar nan ta taɓa jikinki, kina wannan ciwon?"

Na ce, "A'a."

Anti, kalma ɗaya ce. Na san ƙarya ce tun kafin ta gama fita, ni da na yi birgima a Alshajara shekara tara kafin in san akwai wata Khala Mairam a duniya, ni da takardar likita ke naɗe a jakata. Me ya sa na faɗa? Saboda na ga tausayi a fuskar Hajja. Ta tashi da kanta ta ɗauko matashi ta sa mini a baya, ta ce, "Ashe cutar ki aka yi, muna ta ɗaukar alhakinki." Wadda aka yi wa sammu ana jinyarta, mai ciwon mara kuwa raguwa ce. Na zaɓi a yi jinyata. Na ji daɗin matashin nan, ba zan ɓoye muku ba, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya.

Na ɗauka maganar za ta mutu a tsakar gida. Washegari Khala ta zo duba ni, Hajja ta tare ta a ƙofa ta ce na yi barci, alhali ina jin muryarta. Ta sake zuwa, aka sake. Sai ga abin da ban hango ba: bayan wata biyu ƙwayoyin likita suka fara aiki. Birgimar wata-wata ta tsaya, na fara shara, na fara girki, har kisra na yi a wani suna. Ciwon jiki yana nan, amma rabin nauyin ya sauka. Me kuke tsammani unguwa ta ce? "Kun gani? Tun da aka raba ta da matar nan ta miƙe." Sauƙin da na samu ya zama shaida a kanta. Duk safiya in haɗiyi ƙwaya a bayan ƙofa, in fito in sha rubutu a gaban Hajja, kowane murmushi na yi sai ya ƙara tabbatar da laifin da ba a yi ba. Babu wanda ya je ya zage ta, mu ba haka muke yi ba. Kawai an daina kiranta. Amaren layinmu aka koma kai su wurin wata a Bahri. In ta shiga taro sai iyaye su ja 'ya'yansu jikinsu. Mace mai sana'ar hannu, aka ce hannun ne ba shi da kyau, me ya rage mata? Yanzu gyaɗa take soyawa tana sayarwa a ƙofar makaranta. Kusan shekara ke nan, in na hango ta sai in canza hanya.

Shekaranjiya na dawo daga wurin likita. Na shiga hafila daga Omdurman da rana tsaka, motar cike, ga zafi, ga cunkoso a kan gada, sai ciwon jikin ya taso mini gadan-gadan. Ina tsaye na riƙe ƙarfe, sai na ji an ja tob ɗina. Khala Mairam ce, da buhun ɗanyar gyaɗa a gabanta. Ta rame. Ta matsa ta ba ni gefen kujera ta ce, "Zauna, ɗiyata, salamtik, sannu." Na zauna na duƙa, sai na ji tafin hannun nan a bayana, daidai inda ya saba sauka. Daƙiƙa biyu, ta fizge shi kamar ta taɓa garwashi, ta cusa shi cikin tob.

"Yafe mini, na manta," in ji ta.

Na kasa ɗaga kai. Motar ta gama tsallake gada. Sannan ta ce, a hankali don kada na kusa su ji, "Ban taɓa nufin ki da sharri ba, Allah shaida ne. Da farko na ce ƙazafi ne, na kai ƙara wurin Allah. Amma sai aka ce kin warke. Na ce to, wataƙila akwai abin da ke hannun mutum shi bai sani ba." Ta ce 'yarta ta haihu, mace, ran nan kwana talatin da uku ke nan. Ta yi wa mai jego girki, ta yi wanki, amma ba ta ɗauki jaririyar ba ko sau ɗaya. Sunan Khala aka sa wa yarinyar. Daga bakin ƙofa take leƙa ta.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah, tun da na daina zuwa kin ji sauƙi?"

Ƙwayoyin suna cikin jakata a kan cinyata, sababbi, ko buɗe su ban yi ba. Zuge jakar kawai zan yi. Na ce, "Alhamdu lillahi, Khala, na ji sauƙi."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To madalla. Gara da ban ɗauke ta ba."

Tun daga lokacin abinci ya ƙi shiga. Na san abin da gaskiya za ta ci mini. Maigidana zai ji cewa shekara guda yana azumi yana roƙo, ni ina haɗiye abin da ke hana cikin a bayan ƙofarsa, ban san ko zai iya sake kallona ba. Hajja za ta ji na sa ta zalunci maƙwabciyarta ta shekara talatin. Zan koma Sarauniyar Angareb, wannan karon da maƙaryaciya a kai, kuma ko na yi kururuwar ciwo ba mai sake yarda. In suka hana ni maganin fa? Ina tsoron komawa birgimar nan fiye da yadda zan iya kwatanta muku, wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. Na yi tunanin in je in gaya wa Khala ita kaɗai, amma in ce mata me? Ki ɗauki jikarki, hannunki lafiya lau, sai dai ki ci gaba da soya gyaɗa ki rufa mini asiri? Da wace fuska?

Ranar arba'in ɗin yarinyar saura kwana biyar. A al'adarmu ranar ake yi wa mai jego lalle, kuma duk layinmu babu mai jegon da Khala ba ta zana wa ba, sai 'yar da ta haifa. Na ji an ce ta aika a nemo wata daga waje.

Don Allah ku gaya mini, in fara da maigidana ne, ko da Hajja, ko in tafi kai tsaye in ɗauki jaririyar nan in sa ta a hannun kakarta? Me zan yi?